Kwana 63 Ana Yaƙi, Shekara 45 Ana Jira: Tarihin Ginin Tunawa Da Boren Warso

Kowace shekara, ran 1 ga watan Agusta da ƙarfe biyar na yamma daidai, jiniya kan ɗauka a ko'ina cikin Warso, babban birnin ƙasar Polan. Motoci su tsaya a kan tituna, masu tafiya a ƙasa su dakata, birni ya yi tsit har na minti ɗaya. Dalilin wannan al'ada kuwa shi ne, a daidai wannan sa'a ce, cikin shekarar 1944, mutanen birnin suka ɗauki makamai suka tasam ma sojojin Jamus waɗanda suka shekara biyar suna danne da su. Sun yi kwana 63 suna fafatawa kafin a ci ƙarfinsu.

A dandalin Krasinski, kusa da tsohon gari, akwai wani ƙasaitaccen gini na dutse da tagulla wanda aka kafa domin tunawa da wannan bore. Baƙon da ya gan shi a yau zai zaci tun da aka gama yaƙi yake nan tsaye. To, ba haka abin yake ba. Sai ran 1 ga Agusta, 1989 aka buɗe shi, watau shekara 45 cif bayan aukuwar abin da aka gina shi dominsa, a lokacin da da yawa daga cikin waɗanda suka yi yaƙin sun riga sun kwanta dama. Rashin kuɗi bai jawo wannan jinkiri ba, haka kuma rashin gwanayen aiki. Abin da ya jawo shi shi ne gardama a kan wa ke da ikon faɗin abin da ya faru, da kuma sunan da za a kira waɗanda suka mutu. Wannan gardama ce za mu bi diddiginta a wannan maƙala.

Mafarin Al'amari

Kamar yadda ɗaliban tarihi suka sani, a Polan Yaƙin Duniya na Biyu ya fara. Sojojin Hitila sun auka wa ƙasar ta yamma ran 1 ga Satumba, 1939, sa'an nan ran 17 ga watan sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo ta gabas, bisa wata yarjejeniyar asiri da ƙasashen biyu suka ƙulla. Warso, wadda a lokacin take da mutum wajen miliyan 1 da dubu 300, ta jure ruwan bama-bamai har zuwa ƙarshen watan kafin ta miƙa wuya. Gwamnatin ƙasar ta yi gudun hijira, ta fara zama a Faransa, daga baya ta koma Landan.

Mulkin da Jamusawa suka shimfiɗa a birnin na ƙarfa-ƙarfa ne ƙwarai. Sun rufe jami'o'i da makarantun sakandare, suna kama mutane a kan titi su tura su aikin tilas, suna harbe wasu a bainar jama'a. Yahudawan birnin, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunansa, an killace su a unguwa guda a 1940, a 1942 kuma aka kwashe mafi yawansu zuwa sansanin Treblinka aka hallaka. Ragowar sun yi nasu boren a watan Afrilu na 1943, aka murƙushe su, aka baje unguwar. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin bore biyu aka yi a Warso, na 1943 da na 1944, kuma mutane da yawa a wajen Polan sukan rikita su.

A cikin wannan hali 'yan ƙasa suka kafa wata rundunar ɓoye mai suna Armia Krajowa, watau Rundunar Cikin Gida, wadda ke karɓar umurni daga gwamnatinsu ta Landan. Tana cikin manyan rundunonin ɓoye na Turai a zamanin yaƙin. Sai dai tsakaninta da Mosko babu jituwa. A 1943 an tono kaburburan hafsoshin Polan a dajin Katyn, waɗanda 'yan sandan ciki na Sobiyet suka harbe a 1940, kuma da gwamnatin Landan ta nemi a yi bincike sai Sitalin ya yanke hulɗa da ita. A watan Yuli na 1944, da sojojinsa suka tsallako cikin ƙasar, ya kafa wani kwamitin 'yan gurguzu wanda ya zauna a garin Lublin a matsayin sabuwar hukuma. A garuruwan Wilno da Lwow, inda 'yan Rundunar Cikin Gida suka taimaka aka kori Jamusawa, an kwance musu ɗamara bayan nasara, aka kama hafsoshinsu.

Ke nan shugaban rundunar, Janar Tadeusz Komorowski, wanda ake wa laƙabi da Bor, ya sami kansa gaba kura baya sayaki. In ya zauna bai yi kome ba, za a ce rundunarsa ta naɗe hannu har baƙi suka zo suka 'yanta birnin, mulki kuma ya faɗa hannun kwamitin Lublin. In kuma ya tashi, ba shi da isassun makamai. A ƙarshen watan Yuli an fara jin ƙarar igwar Rasha daga gabashin kogin Bistula, wanda ya ratsa birnin. Sai ya yanke shawarar a tashi, da fatan za a kori Jamusawa cikin 'yan kwanaki, a tarbi Rashawa a matsayin masu gida.

Kwanaki Sittin Da Uku

Mayaƙan da suka fito sun kai tsakanin 40,000 da 50,000, maza da mata, amma an ƙiyasta wajen ɗaya cikin goma ne kawai ke riƙe da bindiga a ranar farko. Sauran sai gurneti na ƙirar gida da kwalaben fetur. Duk da haka, cikin kwanakin farko sun kama tsakiyar birni da tsohon gari da wasu unguwanni, suka kafa tutarsu mai launin fari da ja. Abin da suka kasa kamawa shi ne gadoji da filin jirgin sama da manyan tashoshin jirgin ƙasa, waɗanda kuwa su ne jijiyar birnin.

Martanin Jamus ya zo da mummunan ta'asa. Himmler, shugaban rundunar SS, ya ba da umurni a kashe mazauna birnin, a kuma baje shi. A unguwar Wola, cikin 'yan kwanaki daga 5 ga Agusta, an karkashe farar hula tsakanin 40,000 da 50,000, har da marasa lafiya a gadajen asibiti. Hafsan da ya jagoranci wannan aiki, Heinz Reinefarth, ba a taɓa yanke masa hukunci ba. Bayan yaƙi ma ya zama magajin garin Westerland a Jamus ta Yamma, ya kuma shiga majalisar jiharsa, ya mutu a 1979.

Taimakon da ake sa rai bai zo yadda ake bukata ba. A farkon Agusta Jamusawa sun mayar wa tankokin Rasha da martani mai tsanani a gabashin birnin, wannan gaskiya ne, kuma masana tarihi na ci gaba da muhawara a kan iyakar abin da rundunar Sobiyet za ta iya yi a waɗannan makonni. Amma abin da ba a gardama a kansa shi ne, Sitalin ya hana jiragen Ingila da Amurka masu kai agaji sauka a filayensa har cikin watan Satumba, kuma a wasiƙarsa ga shugabannin ƙasashen biyu ya kira jagororin boren gungun masu laifi. Saboda haka sai daga kudancin Italiya jirage ke tasowa da dare, su jefa kaya ta laima, su juya. Matuƙansu 'yan Polan ne da 'yan Ingila da 'yan Afirka ta Kudu, kuma da yawa ba su koma gida ba. Ran 18 ga Satumba jiragen Amurka fiye da 100 suka zo da rana, amma mafi yawan kayan da suka jefa a hannun abokan gaba suka faɗa. A tsakiyar watan ne Rashawa suka kama Praga, ɓangaren birnin da ke gabashin kogi, wasu sojojin Polan da ke tare da su kuma suka yi ƙoƙarin hayewa, aka yi musu mummunar ɓarna.

Tsohon gari ya jure wata guda ana yi masa luguden wuta. Da abin ya gagara, a daren 1 ga Satumba zuwa wayewar garin 2 ga wata, mayaƙa fiye da 5,000 suka sulale ta magudanan ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa, suna tafe a sunkuye cikin duhu da ɗoyi, kowa riƙe da na gabansa, har suka ɓulla a tsakiyar birni. Bakin ramin da suka shiga yana nan a gefen dandalin Krasinski, kuma wannan ne ya sa wurin ya dace da ginin tunawa.

Ran 2 ga Oktoba aka sa hannu a takardar miƙa wuya. Mayaƙa wajen 16,000 sun mutu, farar hula kuwa tsakanin 150,000 da 200,000. Jamusawa sun amince su ɗauki mayaƙan da suka rage a matsayin fursunonin yaƙi, amma suka kori dukan mazauna birnin, mutum wajen rabin miliyan, ta sansanin Pruszkow. Daga nan suka bi gida gida suna cinna wuta suna dasa nakiya, har ɗakunan ajiye littattafai da fadar sarakunan dā. Sa'ad da sojojin Sobiyet suka shiga ran 17 ga Janairu, 1945, kango suka tarar, domin kimanin kashi 85 cikin 100 na gine-ginen yammacin kogi sun rushe.

An Gudu Ba A Tsira Ba

Tun a 1945 aka fara maganar kafa abin tunawa da boren, amma maganar ba ta je ko'ina ba. Sabuwar gwamnatin 'yan gurguzu ta san cewa boren, ko da yake da Jamus aka yi shi, a siyasance an yi shi ne don a hana ta hawa mulki. Bugu da ƙari, duk wanda ya tsaya gaban irin wannan gini dole ya tambayi kansa ina Rashawa suke a lokacin. Wannan tambaya kuwa ita ce ba a so a yi.

Don haka aka shiga ɓata sunan Rundunar Cikin Gida. An manna hotuna a bangaye ana siffanta ta da wani wada mai dalalar da miyau, ɗan koren masu ra'ayin riƙau. A watan Maris na 1945 aka gayyaci shugabannin ɓoye 16 zuwa wai tattaunawa, aka kama su, aka kai su Mosko aka yi musu shari'a. Cikinsu har da shugaban rundunar na ƙarshe, Janar Leopold Okulicki, wanda ya mutu a kurkuku a can. Witold Pilecki, hafsan da ya shiga sansanin Auschwitz da gangan don ya fito da labarin abin da ake yi a ciki, ya kuma yi yaƙi a boren, an harbe shi a 1948. Wani ɗan rundunar, Kazimierz Moczarski, an kulle shi ɗaki ɗaya na tsawon watanni da Jurgen Stroop, hafsan SS ɗin da ya baje unguwar Yahudawa. Janar Antoni Chrusciel, wanda ya jagoranci faɗan a cikin birni, an ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa a 1946, ya mutu a Amurka a 1960. Shi kuwa Komorowski a Ingila ya ƙare kwanakinsa a 1966.

Ba wai an daina kafa gine-ginen tunawa a birnin ba ne. Tun watan Nuwamba na 1945 aka buɗe ɗaya a Praga don girmama 'yan'uwantakar sojojin Sobiyet da na Polan. Da yake sojoji huɗun da ke kusurwoyinsa sun sunkuyar da kai, mutanen gari suka laƙaba masa suna “masu barci huɗu”, mai hankali kuwa ya san inda zancen ya dosa. A watan Afrilu na 1948 aka buɗe na jaruman unguwar Yahudawa, aikin Natan Rapoport, wanda a gabansa ne shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Willy Brandt, ya durƙusa a watan Disamba na 1970.

Abin da 'yan boren 1944 suka samu shi ne wani ginshiƙin baƙin dutse a maƙabartar soja ta Powazki, wanda tsofaffin mayaƙa suka yi hanzarin kafawa ran 1 ga Agusta, 1946, kafin ƙofa ta rufe. An rubuta masa kalmomi biyu na Latin, Gloria Victis, ma'ana ɗaukaka ga waɗanda aka cinye. Shekara da shekaru nan ne iyalai ke taruwa ran 1 ga Agusta, su kunna kyandir, su ajiye furanni, 'yan sandan ciki na kallonsu. Watau an yarda a yi kukan mamata a maƙabarta, amma ba a yarda a girmama abin da suka mutu dominsa a tsakiyar gari ba.

Mace Mai Takobi Da Yaro Mai Hular Kwano

Bayan mutuwar Sitalin a 1953, da kuma sauyin shugabanni da aka yi a Polan a 1956, an ɗan sassauta. An saki da yawa daga cikin ɗaurarru, aka wanke sunan wasu. A wannan shekara hukumar birnin ta yanke shawarar kafa abin tunawa, jama'a kuma suka yi ta ba da gudunmawa, da yawansu da zaton na boren za a yi. Bayan gasa da jayayya na shekaru, ran 20 ga Yuli, 1964 aka buɗe aikin Marian Konieczny a dandalin gidan wasan kwaikwayo: siffar mace ta yunƙuro daga ƙasa, ta ɗaga takobi sama. Mutane na kiranta Nike, sunan da Girkawan dā suka ba nasara. Amma rubutun da ke jikinta cewa ya yi an kafa ta ne don jaruman Warso na 1939 zuwa 1945. Da wannan dabara aka cusa boren cikin taron sauran abubuwan da suka faru a yaƙin, aka kauce wa ambaton sunansa.

A wannan zamani ne hukuma ta tsayar da matsayin da ta riƙe har ƙarshen mulkinta. Matsayin kuwa shi ne, ƙananan mayaƙa da talakawan birni jarumai ne, amma shugabannin da suka ba da umurni 'yan kasada ne, waɗanda suka sayar da rayukan jama'a don neman mulki. Haka aka koyar a makarantu, haka aka rubuta a jaridu.

Wani ƙaramin abu ya samu shiga ran 1 ga Oktoba, 1983. A jikin ganuwar tsohon gari aka kafa mutum-mutumin wani yaro sanye da hular kwano wadda ta fi ƙarfin kansa, rataye da bindiga. Jerzy Jarnuszkiewicz ne ya tsara siffar tun 1946, 'yan sikawut kuma suka tara kuɗin zuba ta da tagulla. Tana tuna wa jama'a yaran da suka yi aikin kai saƙo da raba wasiƙu a ƙarƙashin ruwan harsashi. Har yanzu akwai iyayen da ke ganin bai kamata a nuna yaro da makami a matsayin abin sha'awa ba, wasu kuma na cewa ai abin da ya faru ke nan.

Rigima A Kan Kalma Ɗaya

Guguwar ƙungiyar ma'aikata ta Solidarnosc, wadda ta taso daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk a watan Agusta na 1980, ita ce ta sake buɗe maganar. A 1981 tsofaffin mayaƙa da masana suka kafa kwamiti mai zaman kansa don gina abin tunawa da boren, jama'a suka shiga ba da kuɗi da tarkacen ƙarfe. Ran 13 ga Disamba na wannan shekara Janar Wojciech Jaruzelski ya kafa dokar soja, aka haramta ƙungiyar ma'aikatan, amma kwamitin ya ci gaba da aikinsa, har ya shirya gasa aka zaɓi zane.

A 1984, ana shirin cika shekara 40, hukuma ta ga ba za ta iya hana ginin ba, sai ta ƙudura ta karɓe shi. Aka ture kwamitin farko, aka naɗa wani, aka ɗora Janar Jan Mazurkiewicz a kansa. Shi wannan tsohon kwamanda ne a boren, ya kuma sha ɗauri daga 1949 zuwa 1956, amma daga baya ya sasanta da gwamnati. Aka jingine zanen da ya ci gasa. Daɗin daɗawa aka sauya sunan aikin: maimakon ginin tunawa da Boren Warso, sai aka ce na Jaruman Boren Warso.

Wanda bai san dawan garin ba zai ce mene ne abin faɗa a nan, ai ƙarin girma ne a kira mutum jarumi. Amma mutanen Warso sun gane manufar nan take. In an ce ginin na jarumai ne, to an yaba wa waɗanda suka mutu ke nan, an bar ƙofa a buɗe a ci gaba da la'antar boren da shugabanninsa da gwamnatin Landan. In kuwa an ce na boren ne, to an amince cewa abin da aka tashi dominsa, watau 'yancin ƙasa daga kowane irin baƙo, abu ne mai daraja. Tsofaffin mayaƙa da yawa sun ƙi amincewa a raba su da shugabanninsu ta wannan hanya, wasu ma suka janye hannunsu daga aikin baki ɗaya.

Zanen da aka zaɓa a ƙarshe na Wincenty Kucma ne, gwanin sassaƙa daga Krakow, tare da mai tsara gine-gine Jacek Budyn. Shi ma bai tsira daga suka ba. Masu tsara gine-gine da dama sun ce ya yi kama da irin ayyukan zamanin Sitalin, ya kuma yi wa dandalin nauyi. Duk da haka aka ci gaba da aiki. Abin mamaki, kafin a gama, ƙasar ta juya. Ran 4 ga Yuni, 1989 aka yi zaɓen da Solidarnosc ta lashe kusan dukan kujerun da aka yarda a yi takara a kansu. Ran 1 ga Agusta aka buɗe ginin, kafin ƙarshen watan kuma Tadeusz Mazowiecki ya zama firayim minista na farko wanda ba ɗan gurguzu ba tun bayan kafuwar mulkinsu. Gwamnatin da ta shekara 45 tana jan ƙafa ta kammala aikin ne ana saura makonni ta sauka. A yau ginin tunawa da Boren Warso ake kiransa, kamar yadda kwamitin farko ya so.

Abin Da Mai Ziyara Zai Gani

Ginin kashi biyu ne. Babban kashin, wanda tsayinsa ya kai wajen mita 10, yana nuna gungun mayaƙa sun fito a guje daga ƙarƙashin wasu manyan ginshiƙai da suka karkace kamar gini na shirin ruftawa. Wannan shi ne ranar farko, ranar ɗoki da sa rai. Ƙaramin kashin yana gaba, kusa da titi, inda ake ganin wani mayaƙi yana shiga bakin rami, wasu na tsaye a kansa, har da limamin kirista. Wannan kuma shi ne daren ficewa daga tsohon gari. Mai tsara aikin ya sa mafari da ƙarshe a wuri guda, ta yadda ba mai iya kallon ɗaya ya kauce wa ɗayan. A tsallaken titi akwai majami'ar sojojin ƙasar, a bayansa kuma ginin Kotun Ƙoli, wanda aka kammala a 1999.

Tun daga lokacin dandalin ya zama wurin da ake faɗin maganganu masu nauyi. Ran 1 ga Agusta, 1994, a bikin cika shekara 50, shugaban ƙasar Jamus Roman Herzog ya tsaya a nan, bisa gayyatar Shugaba Lech Walesa, ya roƙi gafarar mutanen Polan saboda abin da Jamusawa suka yi musu. An gayyaci shugaban Rasha Boris Yeltsin, amma bai zo ba, sai wakili ya aiko. A wannan shekara aka dawo da tokar gawar Komorowski gida, ta Chrusciel kuma a 2004, shekarar da aka buɗe babban gidan tarihin boren a unguwar Wola. Su kuwa “masu barci huɗu”, an ɗauke su a 2011 don aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba a kuma mayar da su ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin dutse a tsakiyar birnin da ya shafe mu. An kafa shi a 2019 don tunawa da August Agboola Browne, haifaffen Legas a 1895, makaɗi, wanda ya zauna a Polan tun 1922. A takardar da ya cika a 1949 ta neman shiga ƙungiyar tsofaffin mayaƙa, ya bayyana cewa ya yi yaƙi a boren da sunan ɓoye Ali. Daga baya ya koma Ingila, ya rasu a Landan a 1976.

Kada mai karatu ya ɗauka kafa ginin ya kashe gardama. Tun a 1944 akwai manyan hafsoshin Polan a waje, irin su Janar Wladyslaw Anders, waɗanda suka ɗauki shawarar tashin a matsayin babban kuskure, kuma har gobe masana tarihin ƙasar na tambaya ko ya halatta a jefa birni mai cike da mata da yara cikin yaƙi da makaman da ba su taka kara sun karya ba. Wasu na amsawa da cewa bayan shekara biyar na wulaƙanci, ko an ba da umurni ko ba a bayar ba, birnin zai tashi. Bambancin da aka samu shi ne, yanzu 'yan ƙasa ne ke wannan muhawara a fili, a jaridu da jami'o'i, ba wanda ake ɗaurewa saboda ra'ayinsa a kanta.

Darasin da ke nan ga ma'aikacin gwamnati da ɗalibi a bayyane yake. Hukuma na da ikon ba da fili ko ta hana, tana iya naɗa kwamiti ta kuma rushe shi, tana iya zaɓen kalmar da za a sassaƙa a jikin dutse. Amma shekara 45 na wannan iko ba su hana iyaye gaya wa 'ya'yansu abin da suka gani ba, ba su kuma hana jama'a zuwa Powazki da kyandir ba. Da ranar ta zo, abin da mutane suka riƙe a zuci shi aka rubuta a dandali. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk wanda aka ɗora wa alhakin rubuta tarihin jama'a, ko a littafin makaranta ko a jikin dutse, ya kamata ya tuna da labarin dandalin Krasinski kafin ya ɗora alƙalami.